Maganin da aka gwada a jikina kafin a cire mini mafitsara

Ina aji uku a firamare na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina, kuma ban ji tsoro ba. A ƙauyenmu, nan ƙasar Kura, yaron da bai fara fitsarin jini ba gani ake bai kama hanyar zama namiji ba tukuna. Da na gaya wa Inna sai ta ce tsargiya ce, zafin rana ne ya yi mini yawa. Ta jiƙa mini sassaƙe na sha kwana uku, magana ta wuce. Jinin ya yi ta zuwa yana ɗaukewa har na shiga kwalejin horon malamai, daga nan ban sake ganinsa ba, na manta da shi shekara talatin da wani abu.

An haife ni a 1968. Ina ɗan shekara shida aka gama madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan da aka jawo zuwa Kadawa da Kura da Bunkure shi ya rufa wa iyayenmu asiri, noman rani ya kankama, ga alkama ga tumatir, daga baya ga shinkafa. Mu kuwa yara wurin wanka muka samu. Da damina muna kududdufi, da rani muna kanal, daga tashin makaranta har la'asar sakaliya. Tsargiya ta riga madatsar zuwa, kakanninmu ma sun yi ta, amma mu ne muka taso da ruwa a ƙofar gida daga shekara zuwa shekara.

Bayan daminar 2022 jinin ya dawo, ina da shekara 54. Wannan karon ba ɗigon ƙarshe ba ne. Fitsarin duka ja ne, wani lokaci da guda-guda, wani lokaci da wasu farare-fararen abubuwa kamar tsokar kifi, ga wari. Na je kemis aka ce ciwon sanyi ne, na sha ƙwayoyi kala-kala. Wata uku na yi a haka, kuma har yau wata ukun nan suna ci mini rai. Uwargidana ce ta tare ni wata safiya bayan na fito daga bayan gida. Ta ce, "Malam, na ga abin da kake ɓoyewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau za ka asibiti, ko in aika a kira Yaya." Na sa hula na tafi.

Hoton ciki da aka yi a asibitin garinmu ya nuna wani tsiro a mafitsara, aka tura ni babban asibiti a birni. A watan Disamba aka zura mini na'ura mai fitila ta hanyar fitsari, aka leƙa, aka kankaro naman da za a auna. Sakamakon ya fito a farkon Janairun 2023. Likitan tiyata ya karanta takardar, ya ɗago ya ce, "Malam, ka taɓa yin tsargiya kana yaro?" Na ce wa ya tsallake ta a garinmu? Ya ce ai ga shaidarta nan. A cikin naman da suka duba sun tarar da ƙwayayen tsutsar da ke haddasa tsargiya, sun daskare sun zama kamar yashi a bangon mafitsara, kuma a gefensu ciwon daji ne, ya riga ya shiga tsoka.

Shekara talatin ina koyar da kimiyya a firamare. Na sha zana wa yara rayuwar wannan tsutsa a allo: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga dodon koɗi ya rayu a ciki, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan, ya girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ya yi ta zuba ƙwai. Na san sunan Bajamushen likitan da ya gano ta a Alƙahira a 1851, Theodor Bilharz. Abin da ban taɓa koyarwa ba, don ni ma ba a koya mini ba, shi ne ƙwayayen da ba su fita da fitsari ba suna maƙalewa, su yi ta kumbura bangon mafitsara shekara da shekaru, har shimfiɗar cikinta ta rikiɗe ta koma kamar fatar waje, daga nan kuma daji ya samu wurin tsira. Tun 1911 wani likita a Alƙahira ya rubuta alaƙar, kuma a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. Mu muna nan muna ce mata balaga.

Likitan ya ɗauki bayan takarda ya yi mini zane biyu. Ya ce dajin mafitsara ba iri ɗaya ba ne. A Turai da Amurka, kusan tara cikin goma irin da ke tsirowa daga asalin shimfiɗar mafitsara ne, wanda taba sigari ke kan gaba wajen jawo shi. Nawa kuwa sunansa sikwamos, mai kama da fata, kuma a can bai kai biyar cikin ɗari ba. A littattafansu cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba aka sa shi. Na ce to a nan fa? Ya ce, "A nan shi muke gani kowane mako."

Wannan bambancin shi ya raba likitocina gida biyu, kuma ina girmama su da suka yi gardamar a gabana ba a bayan idona ba. Cewa za a cire mafitsarar duka, wannan babu ja. Tambayar ita ce: a shiga da ni tiyata yanzu, ko a fara ba ni maganin daji na jijiya, wanda ake ce wa kemo, a yi tiyatar daga baya?

Likitar magungunan daji, wata baiwar Allah mai sanyin murya, ita ta kawo hujjar maganin. Ta ce wuƙa tana cire abin da ido ya gani ne kawai. Ƙwayoyin dajin da suka riga suka sulale cikin jini, waɗanda hoto ba ya nunawa, su ne ke dawowa bayan shekara ɗaya ko biyu. Ta ce bayan tiyata irin wannan mutane da yawa ba su da sauran ƙarfin ɗaukar kemo, don haka in za a ba da shi, kafin tiyata ne lokacinsa. Ta ba ni labarin wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2003, mai mutum 317: rabi aka yi musu tiyata kai tsaye, rabi aka fara ba su magani. Matsakaicin tsawon ran na farko wata 46 ne, na biyu wata 77. A 2005 kuma aka tattara bincike goma sha ɗaya, mutum dubu uku da 'yan kai, aka ga cikin kowane ɗari, maganin ya ƙara mutum biyar a kan waɗanda suka kai shekara biyar da rai. Biyar cikin ɗari. Ban ga yawansa ba sai da ta ce, "Malam, kowanne cikin biyar ɗin nan uban wasu ne."

Likitan tiyata ya bari ta gama, sannan ya ce duk gaskiya ne, amma mutanen da aka yi waɗancan bincike a kansu masu ɗaya irin ne, ba irin nawa ba. Sikwamos yana da taurin kai ga magani. Ya fi son ya yi ta cin wurin da yake, ya kama maƙwabtansa, ya toshe hanyoyin ƙoda. In aka ɓata wata uku ana ba da maganin da bai ji ba, ana iya buɗe ciki a tarar ya manne da bangon ƙugu, wuƙa ba ta da abin yi. Ya ce likitocin Masar, waɗanda suka fi kowa sanin dajin tsargiya, sun gwada ba da magani kafin tiyata, an ga tsiron wasu ya ragu, amma ba a samu hujja mai ƙarfi irin ta ɗaya irin ba. Ita ma ba ta musa ba. Abin da ta ƙara shi ne ƙodata duka biyu lafiyarsu lau, abin da ba kasafai suke samu ba, don yawancin masu wannan ciwo sai ƙoda ta kumbura suke zuwa, kuma babban maganin ba ya shiga jikin da ƙodarsa ta raunana. Ta ce in akwai wanda za a iya gwadawa a kansa ba tare da ganganci ba, to ni ne.

Suka daidaita a kan sharaɗi. Zagaye biyu za a yi, a sake hoto. In tsiron bai ragu ba, a bar magani a wuce tiyata a makon. In ya ragu, a ci gaba har huɗu. Zaɓi kuma nawa ne, suka ba ni mako guda.

Kalmar gwaji tana da nauyi a Kano. Da na tara 'yan'uwa a zaure na faɗi yadda aka yi, Yaya bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ka manta 1996? Ka manta yaran sanƙarau?" Babu wanda ya manta. A lokacin annobar nan an gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani bincike na yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har kamfanin maganin ya yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Tsoron Yaya ba na jahilci ba ne, tsoron wanda ya gani ne. Na ce masa, "Yaya, abin da ya ɓata wancan shi ne ba a tambayi mutane ba. Ni an tambaye ni." Magungunan da za a ba ni ba sababbi ba ne, ɗaya tun 1978 ake amfani da shi. An karanta mini takardar amincewa da Hausa, layi-layi, 'yata da ke karatun aikin jinya tana zaune. An gaya mini illolin tun kafin in tambaya. An ce duk ranar da na ce a tsaya za a tsaya, kuma ba zai rage komai daga kulawar da za a ba ni ba. Sun kuma nemi izinin adana bayanan jikina ba tare da sunana ba, don masu zuwa bayana.

Yaya ya yi shiru, can ya ce, "In ya ƙi aiki fa?" Na ce to na yi asarar mako shida, kuma yana iya zama mako shidan da rayuwata ke rataye a kansu. Ban ɓoye masa ba. Na yi istihara dare uku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar likitan cewa kowane mako suna ganin irina, amma babu amsar da za su ba mu, saboda inda ake da kuɗin bincike babu masu ciwon, inda masu ciwon suke kuma babu kuɗin bincike. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na sa hannu. Yayan da ya fi kowa ƙi, shi ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya kawo mini kuɗin a leda, bai ce komai ba sai "Allah ya sa a dace."

Aka fara a ƙarshen Janairu. Magunguna biyu ne, jemsitabin da sisfilatin, kowane zagaye kwana 21. Ranar farko ake haɗa su duka, rana ta takwas a ƙara jemsitabin shi kaɗai, sauran kwanakin jiki ya huta. Ranar farko tun safe ake sa ƙarin ruwa, leda bayan leda, kafin maganin da bayansa, don a wanke ƙoda kada sisfilatin ya ƙone ta. Ana auna duk fitsarin da na yi. Maganin kansa fari ne kamar ruwa, ba za ka ce yana da wani ƙarfi ba sai dare ya yi. Amai, ko da an ba da maganin tsai da shi. Bakina ya koma kamar na tsotsi ƙarfe. Tuwon da na fi so, in aka shigo da shi sai in juya kai. Kunun tsamiya da lemon tsami su suka riƙe ni. Ga kasala wadda ban san irinta ba, daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida sai na zauna a hanya.

Lokacin kuma ya faɗa daidai canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace a gari. Kuɗi na banki amma ba na hannu, turawa ta waya ta yi ta maƙalewa. Ɗana ya taɓa wuni a layin masu cirar kuɗi don kawai mu samu na mota. Rannan mun makara, amma nas ɗin ɗakin ta ajiye mini gado, ta ce, "Baba, mun san halin da ake ciki, kwanta." A rana ta takwas ta zagaye na biyu aka auna jinina aka ga sojojin jiki sun yi ƙasa, aka ɗage allurar da kwana huɗu, aka ce in guji taro da mai mura. Ban je rumfar zaɓe ba ranar 25 ga Fabrairu, karo na farko tun da na isa jefa ƙuri'a.

A wannan ɗakin na haɗu da wani dattijo masunci daga wajen Haɗeja, wanda ba zan manta da shi ba. Ciwonmu ɗaya, sunan da ke takardarmu ɗaya. Amma shi ya zo ne bayan tsiron ya toshe hanyoyin ƙoda duka biyu, an huda masa baya an sa robobi suna zubo fitsari cikin leda. Ba zai iya ɗaukar maganina ba, tiyata kuma ta wuce shi. Yakan kalli ledar da ke ɗiga a hannuna ya ce, "Malam, ya jiki?" in ce da sauƙi, ya ce, "Kai ka zo da wuri. Ka daure ka sha mana, mu ji ko yana yi." Ya ce tun yana yaro yake cikin ruwa, ubansa ma da fitsarin jini ya rasu, suka ce sammu ne. Da na dawo zagaye na uku na tarar da wani a gadonsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Duk lokacin da amai ya sa na ji kamar in ce a tsaya, muryarsa nake ji.

Hoton farkon Maris ya nuna tsiron ya ɗan ja baya, daga kusan santimita shida zuwa biyar, kuma jinin fitsarin ya ragu sosai. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma bai ƙaru ba, sharaɗi ya cika, aka shiga na uku. A nan jikina ya ce ya isa. Kunnuwana suka fara ƙara kamar ta gyare, yatsun ƙafa suka yi dindiris, awon ƙoda kuma ya nuna ta fara gajiya. Likitar ta zaunar da ni ta ce, "Malam, a nan za mu tsaya. Ƙodar nan za ka buƙace ta bayan tiyata fiye da yadda kake buƙatar zagaye na huɗu." Na roƙe ta a ƙarasa, don ina ganin kamar na gaza. Ta ƙi. Yau na san ƙin nan nata yana cikin alherin da aka yi mini.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. An hana ni yi, an ce in yi ta shan ruwa, in ci abin da zai mai da jini kafin tiyata. Mako biyar na jira, kuma su suka fi kemo wuya. Babu magani a jiki, tsiro na nan, kowane ɗan ciwo a mara sai in ce ga shi ya fara yaɗuwa. Da dare in mutane sun tafi tarawihi sai in zauna a tsakar gida ina lissafin ko na zaɓi daidai. Uwargida takan fito ta zauna kusa da ni ba ta cewa komai. Sau ɗaya kawai ta ce, "Malam, ka yi shawara, ka yi istihara, ka sa hannu. Sauran ba naka ba ne."

Mako guda bayan ƙaramar Sallah aka shiga da ni. Awa shida. 'Yan'uwa huɗu suka ba da jini. An cire mafitsara, da furostet da ke ƙarƙashinta, da kaluluwar ƙugu. Aka yanko ɗan guntun ƙaramin hanji, bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, aka dasa masa hanyoyin ƙoda biyu, aka fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, ƙasa da cibiya. Ta nan fitsari ke fita yanzu, dare da rana, cikin wata jaka da ake mannawa a fata. Ranar da na fara ganin wurin, ja kamar ɗanyen nama, na yi kuka. 'Yata ce ta riƙe hannuna ta koya mini yadda ake yanka bakin jakar daidai girman wurin, ta ce, "Baba, sau uku kawai zan yi maka, na huɗu kai za ka yi." Haka kuwa aka yi.

Sakamakon abin da aka cire ya ce dajin yana nan da ransa, ya shiga tsoka da zurfi amma bai huda ta ba, gefen da aka yanka fes yake, kaluluwa kuma babu ko ɗaya da ya kama. Wani sashe na tsiron ya mutu. Na tambayi likitar, maganin ne ya kashe shi? Ta ce irin wannan tsiro yakan ruɓe a tsakiya da kansa ko ba magani. Na ce to kaluluwar da aka tarar lafiya fa? Ta ce yana yiwuwa maganin ne ya share su, yana yiwuwa kuma dama bai kai can ba. "Jikin mutum ɗaya ba ya amsa wannan tambayar, Malam. Sai an tara ɗaruruwa, an raba su gida biyu, an bi su shekaru." Na so ta ce mini wahalar da na sha ita ta cece ni. Ba ta faɗa ba, kuma saboda haka ne nake yarda da duk abin da ta gaya mini. Shi ya sa ni ma duk wanda ya zo yana tambaya ko ya sha kemo kafin tiyata, ba na ce masa ya bi sawuna. Nakan ce ya tambayi sunan irin dajinsa, ya tambayi lafiyar ƙodarsa, ya tambayi yaushe za a sake hoto da abin da za a yi in bai ragu ba. Wanda nasa ɗaya irin ne, hujja tana tare da maganin. Wanda nasa irin nawa ne, ya san cewa gwaji ne, ya shiga da ido buɗe ko ya wuce tiyata, duka biyun hanya ce ta mai hankali.

Abin da ya fi damuna bayan na dawo gida salla ce. Ta yaya mai ɗauke da fitsari a jikinsa zai tsaya gaban Ubangiji? Wata guda ina salla a ɗaki, zuciyata ba ta natsu ba, sai na je wurin malaminmu na zaure na faɗa masa komai. Ya ce, "Malam, ai ka karanta wannan a Risala, ka dai manta ne don ba ka taɓa zaton kai zai shafa ba." Ya ce hukuncina na mai yoyon fitsari ne wanda ba ya iya riƙewa: abin da ke fita ba ya warware alwala, an dai so in sabunta ta a kowace salla, najasar da ba ta gujuwa kuma an yafe ta. In zubar da jakar kafin lokaci, in tsaftace, in shiga sahu. Abu ɗaya na bari, da nakan ja salla in liman ba ya nan, yanzu na koma bin baya, don a mazhabarmu an ƙi mai irin wannan lalura ya ja masu lafiya. Ranar da na koma sahun farko na asuba, liman ya juyo bayan sallama ya kama hannuna da hannu biyu.

Rayuwa da jaka tana da nata wahalar. Samunta aiki ne, kuɗinta kullum hawa yake, da bazara gumi yana ɓamɓare ta kafin kwanakinta su cika. Sha'anin iyali ma tiyatar ta taɓa shi, an kuma gaya mana tun kafin a yi, mun zauna ni da uwargida mun fahimci juna. Ƙarar kunnen ba ta tafi ba. Amma na koma aji, ina zuwa gona, kuma duk hoton da aka yi mini zuwa yanzu bai nuna komai ba.

A ƙarshen 2024 'yata ta karanta mini labari a waya, cewa wani babban bincike mai mutum sama da dubu ya nuna in aka ƙara wani sabon magani mai tada garkuwar jiki, durbalumab, a kan magungunan nan biyu da na sha, sakamako ya fi kyau. Na yi wa masu ɗaya irin murna da gaske. Na kuma tambaye ta, da irina a ciki? Ta duba ta ce masu ɗaya irin aka ɗauka. Raina ya sosu, don Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tsargiya a duniya, kuma masu irin ciwona da za a yi wannan bincike da su suna kwance a asibitocin Kano da Sakkwato da Zariya da Maiduguri. Masar ta nuna wata hanyar. Da suka dage da yaƙar tsargiya, sikwamos ya sauko daga kusan kashi uku cikin huɗu na dajin mafitsarar da babban asibitin dajinsu ke gani, zuwa ƙasa da ɗaya cikin uku, cikin shekara talatin. Maganin tsargiyar, firazikwantel, ƙwayoyi ne da ake sha sau ɗaya bayan an ci abinci, ana auna yaro da sandar tsawo a ba shi daidai jikinsa. Duk lokacin da aka kawo shi makarantarmu ni nake riƙe sandar, kuma gidan da suka hana yaronsu sha nakan bi su da yamma in zauna da uban.

Makon jiya bayan isha'i wani abokina ya yi sallama a zaure. Tare muka yi firamare, tare muka yi wankan kanal, shi ya koya mini nutso. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan farashin taki, har sai da yara suka shige ciki. Sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, wannan abin naka, da yaya ya fara?" Na ce tun yaushe kake gani? Ya ce tun kafin girbi. Na tambaye shi ko bayansa na ciwo, ko ƙafafunsa sun kumbura, ya ce a'a. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar takardar da likitan tiyata ya yi mini zane a bayanta, na haska masa da fitilar waya. Ranar Talata za mu tafi tare, na riga na gaya wa mai mota ya zo bayan sallar asuba.